Idon Baba: Na Kusa Ko Na Nesa

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Na kai Baba asibitin ido a Maraɗi. Yanar ido ce ta rufe masa idanu. Likita ya ce za su cire ta, su dasa ɗan madubi a ciki. Iri biyu ne: wanda ke gani nesa da wanda ke gani kusa. Wanda aka bari, tabarau ne zai cike shi. In an dasa an dasa, babu sakewa. Baba da ya ji an ambaci tabarau sai ya haɗe rai. Tabaransa nawa ke kwance a ƙasan tafkin Madarunfa, Allah kaɗai ya sani.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Da Faransanci muka yi magana da likita, Baba na zaune kamar buhun gero. Na ce na kusa muke so: zai gyara raga a gida, ya ga ƙaya cikin kifi, ya ga fuskar jikokinsa. Duk gaskiya ne.

Wanda ban faɗa ba: mai ganin kusa ba ya komawa kamun kifi. Bara jirginsa ya kife a kan kututturen da bai gani ba. Ba don Ilyasu maƙwabcinmu na kusa da shi ba, da yanzu wani zancen ake.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Ya tambaye ni, "Bilki, mi kika ce ma likita?" Na ce ai an gama magana.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na tarar da shi a zaure yana ɗinkin raga, idanunsa a rufe ruf, hannun kuwa sai gudu yake. Na ce Baba ka buɗe ido mana kar ka soke kanka. Ya yi dariya. "Ɗiyata, raga hannu ka yin ta. Tsuntsaye ne ban gani. Inda suka sabka, nan kihi yake."

Haushi ya kama ni, na rasa na wa. Tuwon ma a kaina ya ƙone.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ranar aiki. Likita na duba takarda na ce ya dakata, ya tambayi mai idon da Hausa. Ashe likitan yana jin Hausa sarai, ni ce na yi ta tsoma baki. Baba bai ko yi jinkiri ba, ya ce nesa. Na fita waje na yi kukana son raina.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

An cire bandeji. Abu na farko da ya ce, wai katangarmu ta karkace. Sannu, mai ido!

Asabar, 21 ga Disamba

Likita ya sallami Baba, yau ya shiga ruwa. Na sa Ilyasu ya rantse ba zai yi nisa da shi ba. Ni dai kifi na je saye bakin tafki, ba wani abu ba.

Can tsakiyar ruwa wani ya miƙe cikin jirgi yana ta ɗaga hannu. Na ce wane marar hankali ne wannan? Mai kifi ta ce, "Babanki ne hwa, tun ɗazu ya hango ki."

Ni ban gane shi ba sai da ya kusa gaɓa. Na ɗaga masa hannu dai. Kifin ma na manta shi a wurin matar.