Batirin Ƙarya

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Kai mai buɗe littafin nan, Surajo ya ba ka izini? In ke ce Hamida, rufe ki je ki taya Inna daka.

Burtsatsen unguwa ya tsaya. Rana na dukan farantin sola, batir cike, amma inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta ba injin ruwa, ta kunna jar fitila. Tambayar batir take ta wata siririyar waya, in bai amsa ba ba ta sakin wuta. Baba Dodo, shugaban kwamitin ruwa, ya yanke hukunci: batir ya mutu, a kai shi Gusau. Wa zai ɗaura shi a babur? Yaya Mas'ud. Hanyar da kowa ya san waɗanda ke tare ta.

Shi ko ya ce to. Kullum to.

Talata, 8 ga Afrilu

Na ce wa Baba Dodo a ba ni zuwa Lahadi. Ya ce, "Kai da ko sakandare ba ka ƙare ba, mi ka sani ga wanga abu?" Na ba shi amsa. Inna ta ce amsar ta yi tsawo. Ya dai yarda a jira Lahadin.

Ba don Yaya nake yi ba. Tun ƙaramar salla ba mu shiri. Wautar ce ba na so.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yau na ji daɗi. Na maƙala analaiza a bakin inbata, 'yar na'urar da ke nuna mini a kwamfuta duk abin da ya bi ta waya. Ga inbata tana kira, tana sakewa, shiru. Na matsa bakin batir, shi ma surutu yake, ba mai jin shi. Gawa ba ta surutu.

Na kwafe maganarsa tsaf.

Asabar, 12 ga Afrilu

Takardar bayanin da na sauke a wayata Turancinta ya fi na gwamna kauri, na dai tauna ta. Na koya wa ɗan allon lantarkina ya yi kamar shi ne batir: ina nan, cike nake, ban yi zafi ba. Na haɗa shi da inbata da guntuwar wayar da na jera zarenta yadda takarda ta ce. Fitila ta koma kore!

Na kashe da sauri. Batirin ƙarya ko wuta ta kama cewa zai yi lafiya lau.

Na sake gwadawa da doguwar wayar da ke wurin. Ja.

Yaya ya zo ya tsaya kaina da igiyar ɗaure kaya a hannu. "Malamin waya, in kwance ko in ɗaure?" Na ce ka matsa min daga haske. Ya aje min ƙullin ƙuliƙuli ya tafi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Waya ce. Ɓera ya ci ta asali, Baba Dodo ya aika aka samo wata a shagon kwamfuta, ya soka bai gaya wa kowa ba. Kai iri ɗaya, launi iri ɗaya, jerin zaren ciki daban. Na yanke kanta, na sake jerawa.

Ruwa ya hau tanki kafin la'asar. Mata har da guɗa.

Laraba, 16 ga Afrilu

An tare hanyar Gusau ranar Litinin, ranar da da Yaya zai tafi. Ban tambayi mutum nawa ba.

Yaya na wanke babur a bakin famfo, ya ce in riƙe mishi bokiti. Na riƙe. Har ya gama ban yi mishi baƙar magana ba, gajiya ce ina jin. Mun ci tuwo kwano ɗaya. Inna sai leƙowa take.

Baba Dodo ya aiko wai Allah shi yi albarka. Amin. Amma jibi in an sallame Juma'a ya miƙe gaban jama'a ya amsa min: da Faruku ɗansa ne zai hau babur ɗin, da bai tuna ya canja waya ba?