Jakar Haruffan Mubina

Kura, 19 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga ƙanena Sammani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Zuliha da yara, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da na ji yana damunka. Mu nan sai godiya. An sako ruwan noman rani a kan lokaci bana, tumatir ya yi yawa har ya rasa mai ɗauka, matata Kulu kuma tana nan da tarinta.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Maganar tsohuwa ce, tun shekarar da Baba ya samu fili a aikin ruwan Kadawa take cikina. Ka san na fi ka Turanci a kwaleji, ni nake gyara maka rubutu. Amma Baba ya ce babba ne zai riƙe fartanya, na dawo gona, kai ka wuce Zariya. Ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Abin da ya rage mini na boko shi ne tsohon ƙamus ɗina da wasan cike gurbin kalmomi na bayan jarida, wanda a duk unguwarmu babu mai gama shi sai ni.

Sai Allah Ya ba ni Mubina, 'yar wajen ɗana Iliyasu. Da makarantarsu ta fara wasan jera haruffan Turanci a kan allo, ni na yanka kwalin taliya na rubuta mata haruffa, Kulu ta ɗinka musu jaka. Kullum bayan la'asar muna kan tabarma a zaure. Doka ɗaya na kafa mata: ba a ajiye kalma sai an faɗi ma'anarta da Hausa. Ranar da ta ci karo da sluice ban buɗe ƙamus ba, na kama hannunta muka je bakin magudana, na nuna mata ƙofar ƙarfen da ake ɗagawa a saki ruwa. Ta yi ta dariya, wai ashe Turawa sun san Kura. Takan tsokane ni cewa ni da ƙamus ɗin ba a san wanda ya girmi wani ba.

Sai ka aiko mata da waya. Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Amma cikin wata guda yarinyar nan ta haddace tulin kalmomi 'yan harafi biyu da uku, irin waɗanda ko a jarida ban taɓa gani ba. Ta jera mini wata, na tambayi ma'ana, ta ce ba ta sani ba, kuma wai Kakanta na Fatakwal ya ce a gasa maki ake dubawa, ba ma'ana ba. Na ce kalmar da ba a san ma'anarta ba ai buhun ƙaiƙayi ce. Ta ce to buhun ƙaiƙayin ya cinye ni. Kuma gaskiya ne, ta cinye ni ranar, ta sake cinye ni washegari, daga nan ta ce wasa da ni ba ya ƙara mata gudu.

Ta zo ta ɗaya a gasar makarantu a Kano, ka riga ka sani. Ina zaune a majalisa aka sa muryarta a rediyo, tana godiya ga malamarta da Kakanta na Fatakwal. Baballe mai shayi ya tambaye ni yaushe na koma Fatakwal, aka yi ta dariya, ni ma na yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu Iliyasu ya gaya mini ka nemi a ba ka ita ta ƙarasa makaranta a wajenka, kuma kun gama magana ba tare da kowa ya tuna ina raye ba. Ya ce idan na hana, ta hanu. Na kwana biyu ina juya abin, don wallahi raina yana so in hana. Amma na san yadda ake ji idan babba ya ce a zauna. Na ce ta tafi bayan sallah. Abu ɗaya nake roƙo: ka riƙa tambayarta ma'ana, ko da za ta ɓata rai.

Ka gaida Zuliha da Taufiq da Mansura. Kulu da Iliyasu suna gaishe ku. Jakar haruffan tana rataye a zaure, ba za ta tafi da ita ba, ta ce akwai irinta a wayar. Tun ranar da wayar nan ta shigo gidan, Mubina ba ta sake tambayata ma'anar kalma ba.

Yayanka,
Hashimu