Kujerun Mutuniyarki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, yaya maigidan da yara? Allah ya sa duk kuna lafiya.

Yaya, kada ki yi mini dariya. Yadda ake fitar da baƙin mai daga tufafi nake so ki koya mini. Shekara goma sha tara ina gyaran mota, ban taɓa tambaya ba. In tuɓe in ajiye ne kawai, in tarar da su fes. Yanzu kwanan mutuniyarki goma sha ɗaya a asibiti. Jiya na je daga gareji da riga duk baƙin mai, ga robar ƙarin ruwa a hannunta, amma ta samu ƙarfin harara ta. Wai na kunyata ta a gaban nas-nas, za a ce ba ni da mata. Na dirje rigar har hannuna ya saɓule, tabon sai ƙara faɗi yake yi.

Kin san shekara uku tana neman kujerun falo. Duk shagon da muka shiga sai ta zauna, ta jijjiga, ta sa a kifa kujerar ta leƙa ƙarƙashi. In ta ga ƙusa kawai aka buga, ko katakon ba nauyi, sai ta ja ni mu fita, ni ina ta ba masu shago haƙuri. A ƙarshe ta samu wani tsohon kafinta mai aiki da busasshen katako, mai fafe shi ya haɗa baki da baki. Na je na ce ya hanzarta, ina so ta dawo ta tarar da su.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi. Kada ki damu da rashin zuwanki, na san da kina iya takawa da kin zo.

Na bi abin da kika rubuta. Na barbaɗa hoda ta tsotse man, na shafa sabulun wanke kwano, na goge da tsohon buroshi a ruwan ɗumi, ban yi guga ba sai da tabon ya fita. Ranar Laraba na sa rigar na je. Ta shafa ƙirjin rigar, muryarta da ƙyar take fita, ta ce, "Wace ce ta wanke maka?" Na ce ni ne. Ta ce, "To, ka iya ke nan." Ta rufe ido kamar wadda aka sauke wa kaya. Washegari da hantsi ta cika.

A jakar da na dawo da ita daga asibiti akwai rigar da ta tafi da ita. Ranar da ta faɗi, da gudu na zo daga gareji ban wanke hannu ba, na ɗauke ta. Yatsuna biyar suna nan a kafaɗar, baƙi ƙirin. 'Yarmu babba ta ɗauka za ta jiƙa, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Daga baya muka zauna muka yi kuka tare.

Ranar Asabar sai ga kafinta da kujeru a mota. Ba wanda ya gaya masa. Ya shigo yana fara'a, yana cewa a kira masa uwargida ta zo ta jijjiga, in ta ji ko ƙis ya mayar da kayansa. Da ya ga fuskokin mutanen da ke tsakar gida, sai ya cire hularsa ya tsaya riƙe da ita. Shi da kansa ya jera su a falo.

Yaya, masu kyau ne. Na jijjiga su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta motsa. Har yau a tabarma nake zama, na kasa hawa.

In ƙafar ta bari, don Allah ki zo. Yaran suna bukatar mace a gidan, ni kuma ina bukatar wanda ya san ta da zan riƙa yi wa zancenta.

Ƙaninki,
Auta