Ni Na Ba da Kamshaf ɗin Mijina, Amininsa Ya Ɗauki Laifin

Anti Saudatu, don girman Allah ki taimake ni, abin nan yana neman kashe ni a tsaye. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Ni ɗinki na iya, ba rubutu ba, ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye.

Mijina, bari in kira shi Timothy, bakanike ne a ma'aikatar ayyuka. Shekara ashirin da biyu muka yi a Legas kafin a ce kowa ya tattara ya dawo Abuja, ƙarshen 1991. Yana da wata tsohuwar mota ja mai kujera biyu, Alfa Romeo, da ya saya hannun wani injiniya ɗan Italiya da zai koma ƙasarsu. Na sha gaya masa motar ganin ido ce, ko buhun doya ba ta ɗauka. Amma 'yarmu Joy, ita kaɗai Allah ya ba mu, tana son motar nan kamar me. Kullum tsokanar babanta take yi, wai a cikinta za a kai ta coci ranar aurenta ko da turawa za a yi. Joy ta rasu a 1989, tana shekara sha tara, zazzaɓin kwana huɗu. Timothy bai yi kuka gaban kowa ba. Sati biyu bayan jana'iza ya sauke injin motar ya wargaza shi kaf, ya ce sai ya mayar da shi sabo. Ban hana shi ba. Ni ina da zumuntar matan coci, shi yana da injinsa.

Cikin kayan injin akwai wasu sandunan ƙarfe biyu masu ƙulli-ƙulli, bakanikai kamshaf suke kiransu, wai su ke buɗe bawul, wato ƙofofin iskar inji, su rufe. Ya shafe su da giris, ya naɗe a tsohon zanina, ya tura ƙarƙashin gado. Da kunnena na ji shi yana cewa sun cinye. Abin da ban sani ba, su a sana'arsu ba a yar da abin da ya cinye. Akwai masu cike shi su goge, in kuma bai gyaru ba, da tsohon ake zuwa kasuwa a gwada wani.

Da tashi ya zo, shi ya riga ni zuwa Abuja karɓar makullin gida a Garki, ya bar ni da haɗa kaya. Amininsa Kure, direban babbar mota, wanda shi ne abokin ango a bikinmu, ya ce shi zai ɗauko mana komai har da motar, ba sai mun jira babbar motar ma'aikata ba. Kaya suka yi yawa. Ga keken ɗinki, ga akwatunan Joy biyu da na kasa rabuwa da su. Mai gwangwan ya biyo ta layinmu, na jawo ƙarafan nan na haɗa masa da tsohon risho, ya ba ni bokitin roba. Allah ya sani, gani nake gyara na yi.

Kwana uku da isowarmu Timothy ya fara nema. Ya zazzage kowane kwali, ya leƙa har cikin tukwane. Da ya juyo ya tambaye ni, na ga fuskarsa, sai bakina ya ce ai duk abin da ke ƙarƙashin gado na sa a mota. Shi ke nan fa. Washegari ya tafi Dei-Dei inda Kure ke lodi, gaban direbobi da 'yan kamasho ya ce masa ɓarawo, wai ya sayar da su a hanya don ya san darajarsu. Kure bai yi faɗa ba. An ce cewa kawai ya yi shekara talatin yana ɗaukar kayan mutane ko allura ba ta taɓa ɓata ba, Allah kuma yana gani. Tun ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Anti, shekara biyu ke nan mijina yana yawon neman kamshaf. Ya je Panteka a Kaduna, ya je Ƙofar Ruwa a Kano, ya koma Legas sau biyu, har Nnewi ya kai. Ko'ina cewa suke ya kawo tsohon su gani, in ya ce babu su yi masa dariya. Wani ya rantse masa ya ba shi guda, ya zo gida ya ƙi zama a inji. Wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya ƙera masa, da gani shi kansa ya ce wannan kashe injin zai yi. Duk dawowar da zai yi sai ya zagi Kure, ni kuma in ajiye masa tuwo in yi shiru. Motar tana nan gindin bene cikin tamfol, kajin maƙwabta na fakewa ƙarƙashinta. Shi kuwa ya rame, wandunansa duk ni na rage musu ƙugu.

Ranar Lahadi bayan sujada, Clara matar Kure ta tare ni. Ta ce Kure ba lafiya, hanta ce, asibiti sun sallame shi, yana kwance a gidansu a Kurudu ciki ya kumbura. Ta ce ba ya tambayar kowa sai Timothy, kuma ya ce a gaya masa shi dai bai ɗauka ba. Na kai wa Timothy saƙon, ya ce ɓarawo ya dawo masa da kayansa tukuna, amma ranar bai taɓa abinci ba.

Tsorona ɗaya ne. In na faɗa, zai ga kamar Joy ce na ɗauka na ba mai gwangwan, kuma ba zai ƙara kallona da idon da ba. Shi kaɗai ya rage mini a duniya. Na yi tunanin in nemo kamshaf ɗin a ɓoye in ce na tsince su cikin akwati, amma ban san inda ake samu ba. Ko kin san wanda ya sani? Ko me zan yi?

Matar Bakanike, Garki

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ji tausayinki ƙwarai. Amma tausayi ba zai hana ni gaya miki gaskiya ba. Ba da ƙarafan kuskure ne, kowa zai iya yi. Maganar da kika faɗa ranar farko tsoro ne. Shirun shekara biyu, wannan kam laifi ne, kuma wani ke ɗauke da shi a madadinki. Shi ma maigidanki ba wankakke ba ne. Mutumin da ya tsaya maka ranar aure bai cancanci ka kira shi ɓarawo a tasha ba tare da shaida ba.

Dabarar nemo wasu a ɓoye, ki manta da ita. Bakaniken da ya shafa wa ƙarfe giris da hannunsa zai gane nasa da kallo ɗaya, ki ga ƙarya ta zama biyu.

Duk da haka na tambayar miki wani dattijon bakanike. Ya ce rashin tsohon ba shi ne ƙarshen magana ba, Timothy ya kwafi lambar jikin injin, da ita zai yi nema. Ya ce manyan motocin kamfanin masu ƙofa huɗu, in girman inji ya zo ɗaya, sau da yawa kamshaf ɗinsu ma ɗaya ne, don haka ya daina neman mai kujera biyu kaɗai, ya bi tsofaffin yadin kamfanonin hanya inda Turawan Italiya suka zauna. In bai dace ba, ya rubuta wa dillalan tsofaffin kayan mota a Italiya ko Ingila da lambar. In ya samu na hannu, ya bi ƙullayen da farce, in akwai rami ko kaushi ya bari. Abin samuwa ne, sai dai zai ci watanni. Kure kuwa ba shi da watanni.

Game da tsoronki, ki tuna dalilin da ya sa kika rage kaya: don akwatunan 'yarki su samu wuri. Uwar da ta yi haka ba ta yar da Joy ba, kuma Timothy zai gane hakan in fushinsa ya sauka. Zai yi fushi, kada ki yaudari kanki, ƙila ya daɗe. Amma fushin da zai yi yau ana iya jure shi. Wanda zai yi in ya ji bayan an binne Kure, ban san maganinsa ba.

Kin sake sunaye, amma jajayen motoci masu kujera biyu nawa ne a Garki? Shi ya sa na aika miki amsar nan ta gidan waya kafin a buga ta a jarida, kada Timothy ya ji a bakin abokan aiki. Ki zaunar da shi da rana, in kina shakkar zuciyarsa ki kira fastonku. Kada ki fara da dogon labari, ki fara da cewa Kure bai ɗauka ba, ke ce. Daga nan ku kama hanyar Kurudu a ranar. In ya ƙi, ki tafi ke kaɗai, ki durƙusa ki faɗa gaban Clara. Kuma tunda a Dei-Dei aka ɓata sunan mutumin nan, dole wata rana Timothy ya koma can ya wanke shi gaban direbobi.

Allah ya ji ƙan Joy, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya ba Kure sauƙi, ya kuma sa ku tarar da shi yana gane mutane.

Anti Saudatu