Furen Bado a Labulen Hajiya

Laraba, bayan isha'i.

Ƙafafuna duk taɓo ne, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Sau uku ke nan Hajiya Binta tana mayar mini da zanen labulen falonta da ta ba ni ɗinki. Adon ruwa take so, ni kuwa hotunan teku nake ta kwafowa daga waya, tekun da ban taɓa gani ba. Ta ce in wanda zan kai mata jibi bai yi ba, wata telar za ta nema.

Da haushin nan na tafi gaida Goggo Falmata a tsallaken kogi. Muna cikin kwalekwale na ga furen bado ya rufe ruwa fari fat, wani masunci yana kwance a kan gora yana jan koma. Na saki baki kamar baƙuwa.

Ɗakin Goggo ne ya ƙarasa ni. Ta rataye tsohuwar komar marigayi mijinta a bango, ta jera ƙore a ƙasa, kowace da hoton tarwaɗar da ta zana da wuta da hannunta, har da gashin baki. Na nuna mata zanena, ta daɗe tana juya wayar.

Ta ce, “'Yar nan, wannan ruwan na su wane ne? Ba kifi, ba mutum.”

Na dawo na zana bado da tarwaɗa biyu. Wataƙila Hajiya ta ce ƙauyanci ne. Ko ta ƙi, zan ɗinka shi in rataya a ƙofar ɗakina.