Sakamakon Don Casimiro

Litinin, 14 ga Agusta
Sakamakon Don Casimiro ya dawo, akwai jini a bayan gidansa. Shekara biyu ina lallashin dattijon nan kafin ya yarda da wannan ɗan gwajin. Yanzu dole a leƙa hanjinsa da na'ura. Na kira sau uku, bai ɗaga ba.

Alhamis, 17 ga Agusta
Ya zo, wai maganin ciwon gwiwa yake so. Na ce masa abin zai iya zama ciwon daji, kuma in an kama da wuri ana warkewa. Ya yi dariya, ya ce ana tsakiyar tsinkar inabi, wa zai bar gona don a zura masa tiyo? Ya ajiye min tamales, dafaffen ƙullin masara da matarsa ta yi, ya fice. Saura kaɗan in jefe shi da su.

Juma'a, 25 ga Agusta
Shekara goma sha ɗaya yana zuwa asibitin nan kafin a turo ni. Ba likitan da ya taɓa yi masa zancen gwaji. Awon jini, ƙwaya, sai bayan wata shida. Gobe su miƙe a taro su ce mutanenmu ne ba sa son gwaji. Takardar babban asibiti ma da Turanci suka aiko masa, shi da ba ya jin Turanci.

Talata, 5 ga Satumba
Yau na ɗaga masa murya. Na ce haka babana ya yi ta cewa sai bayan girbi, har muka kai gawarsa gida, jihar Michoacán.
Sai ya ce, "'Yata, ba tiyon nake tsoro ba. Sun ce sai na zo da wanda zai mai da ni gida. Matata Remedios ba ta sani ba. Ciwon nan ne ya ɗauke mata ƙane bara."
Mako uku ina faɗa, ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Laraba, 6 ga Satumba
Ni likita ce, ba direba ba. Ba zan yi ba.

Alhamis, 21 ga Satumba
Sun cire tsiro biyu, ɗaya babba. Likitan ya ce da an ƙara shekara, da wani labarin ake yi. A hanya maganin barci bai gama sakinsa ba, amma ya samu bakin kushe tuƙina har ƙofar gida. Doña Remedios na tsaye, ta harɗe hannuwa. Ya ce in taimaka in shiga, in daga bakina ta ji faɗan zai zo da sauƙi. Na shiga.
Har yanzu haushinsa nake ji. Haka dai na gaya wa Remedios.