Yau Ta Guje Ni

Daren Laraba, Limancin Kona

Yau 'yar karen ruwan da na raina da bulumboti a wurin kiwonmu ta guje ni. Wata huɗu ina jefa mata tarwaɗa ta bayan zana, ba magana, don in ta saba da mutum, ranar sakinta a kogi hannun mafarauta za ta kai kanta. Yau ina leƙawa ta faɗa ruwa, ta ɓuya bayan namijin da muka haɗa ta da shi.

Dakta, likitar dabbobinmu, ta ce, "Barka, Malam Sani, aikinka ya yi kyau!"

Na dawo gida na yi sallama a zaure. Tun rasuwar matata ba mai amsawa. Dabbar nan kaɗai ta rage mai rugowa in ta ji takuna, ni kuma da kaina na hana ta.